Gyara ko ƙari? A fayyace wa masu gidajen haya matsayin kuɗin da suke kashewa kafin a yanka musu haraji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomin tattara haraji, da 'yan'uwana masu gidajen haya, zuwa ga wata magana da ban ji an tsaya a kanta ba a duk muhawarar da aka sha yi kan sababbin dokokin haraji. Tun daga ƙarshen 2024 da aka kai ƙudurorin gaban majalisa, zuwa ranar 26 ga Yuni, 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya sanya musu hannu, har zuwa 1 ga Janairu, 2026, da suka fara aiki, hankalin jama'a ya fi karkata ga rabon kuɗin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyukan da aka saya, tsakanin jihohi, da albashin ma'aikata, da fargabar abin da zai sami asusun banki. Alhali akwai wata tambaya da ke jiran duk mai karɓar kuɗin haya, ko da ɗaki biyu ya bayar: kuɗin da ya kashe wa gidan a cikin shekara, gyara ne ko ƙari? Amsar wannan tambaya ita ce ke yanke yawan harajin da zai biya.

Na yi shekaru ina aikin akanta kafin in yi ritaya, kuma tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, 'yan'uwana suka ɗora mini kula da gidan hayar da ya bar mana, wanda daga kuɗinsa ne ake ciyar da mahaifiyarmu da wasu marayu. An gina gidan fiye da shekara arba'in da suka wuce. A daminar bara wata iska mai ƙarfi ta yaye rabin kwanon, muka hau muka duba, muka tarar tsatsa ta cinye sauran, gara kuma ta cinye katakon da ke ƙarƙashinsa. Ba mu da zaɓi sai sauke rufin gaba ɗaya. Kafinta ya ba mu shawarar kada mu mayar da irin tsohon kwanon, domin na kasuwa yanzu bai kai shi kauri ba, saboda haka muka sa dogon kwano na alminiyam, muka sabunta katako da silin. Da yake ma'aikata suna wurin, muka yi amfani da damar muka haƙa rijiyar burtsatse, muka kuma fitar da shago biyu daga katangar da ke fuskantar titi. Mutum ɗaya ne ya kama aikin duka, kuma da ya gama sai ya ba ni takarda guda ɗauke da jimilla guda.

Da na zauna haɗa lissafin shekara, na tuntuɓi mutum biyu da suka ƙware a harkar haraji. Kan rijiya da shagunan ba su saɓa ba, dukansu sun ce ƙari ne. Kan rufin kuwa kowa ya kama tasa hanyar. Na farko ya ce gyara ne, domin gida yana da rufi jiya, yana da rufi yau, kuma ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Na biyu ya ce tunda an sauke rufin ɗungurungum an kuma sa wanda ya fi shi tsada da ƙarko, to jari aka zuba, wato ƙari ne. Kowannensu yana da hujja, kuma babu wanda ya iya nuna mini wata rubutacciyar ƙa'ida da za ta raba gardamar. Idan wanda ya yi rayuwarsa cikin lissafi ya tsaya cak a nan, ina ga gwauruwar da ke riƙe da ɗaki huɗu a cikin unguwa?

Asalin ƙa'idar a doka ba shi da wuyar fahimta. Ba a yanka haraji a kan dukan kuɗin hayar da mutum ya karɓa, ana yanka shi ne a kan abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe wajen samo wannan kuɗin hayar. Tsohuwar dokar harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane ta 1993 ta ambaci gyaran gini a cikin abubuwan da ake cirewa, sannan ta hana cire duk kuɗin da yake na jari ne. Sabuwar dokar 2025 ta riƙe wannan rabe-raben, har ma ta sassauta sharaɗin: a da sai an tabbatar cewa kuɗin ya zama dole kuma bai wuce kima ba, yanzu kuwa abin da ake nema shi ne a ce an kashe shi kacokan domin samar da kuɗin shigar, ba domin wata buƙata ta daban ba. Kuɗin gyara ana cire shi gaba ɗaya a shekarar da aka kashe shi. Kuɗin ƙari kuwa ba a cire shi lokaci guda, sai dai a riƙa ba mutum rangwamen jari kaɗan-kaɗan, wanda ga gini kashi 10 cikin 100 ne a shekara, kuma sabuwar dokar ta soke babban rangwamen farko da ake bayarwa a shekarar da aka yi aikin.

Bari in nuna da alƙaluma yadda wannan bambanci ke taɓa aljihu. A ɗauka mutum ba shi da wata hanyar samun kuɗi sai gidansa, yana karɓar naira 6,000,000 a shekara, sai ya kashe naira 2,500,000 wajen sake rufi. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, naira 2,200,000 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, naira 9,000,000 da ke bayansu kuma kashi 18 cikin 100. Idan an karɓi rufin a matsayin gyara, abin da ya rage masa naira 3,500,000 ne, harajinsa kuma naira 420,000. Idan an ce ƙari ne, naira 250,000 kawai za a cire masa a shekarar, abin da za a yi wa lissafi ya zama naira 5,750,000, harajinsa kuma ya tashi naira 825,000. Bambancin naira 405,000 ne, kuma ana neman sa ne a shekarar da aljihunsa ya riga ya ƙare a kan kwano da katako.

Wani zai ce ai ba a cinye masa komai ba, domin za a ci gaba da rage masa kimanin naira 45,000 kowace shekara har tsawon shekara tara, jimillar kuma ta dawo daidai. A takarda haka ne. Amma ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, ƙasar da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon wannan shekarar ta 2024 bayan an saba sayen sa a kusan rabin haka, ba ƙasa ba ce da za a ce wa mutum naira 45,000 ta shekara tara mai zuwa daidai take da ta yau. A wurinmu jinkirin rangwame asara ce ta zahiri, kuma wannan ne ya sa layin da ke tsakanin gyara da ƙari ya fi nauyi a nan fiye da ƙasashen da kuɗinsu ke zaune wuri ɗaya.

Akwai ayyukan da ba su da ruɗani, ba kuma zan daɗe a kansu ba. Fenti, da toshe yoyo, da yaɓen bangon da ya zube, da sauya famfon da ya lalace, da kwashe sokawe, duk gyara ne. Ɗora bene, da ƙara ɗaki, da haƙa rijiyar burtsatse inda babu, da sa sola, da mayar da gidan kwana ya zama makaranta ko asibiti, duk ƙari ne, domin ko dai an samar da abin da babu shi a da, ko an sauya wa gidan aikinsa. Matsalar tana tsakiya, kuma tsakiyar nan ce mafi yawan aikin da ake yi wa tsofaffin gidajenmu ke faɗawa.

A ɗauki katangar ƙasa da ruwan Agusta ya kayar. A yawancin biranenmu yau maginin tubali ya yi ƙaranci, wurin haƙar ƙasa ya yi nisa, azara kuma sai an sha wuya kafin a samu. Mai gida ba shi da hanyar rufa wa 'yan hayarsa asiri sai ya tayar da katangar da bulo da siminti. Babu shakka katangar bulo ta fi ta ƙasa ƙarko, amma shin niyyarsa ƙara wa gidan daraja ce, ko kuwa mayar da abin da ya faɗi da kayan da zamani ya bar masa? Haka tagar katako da aka maye gurbinta da ta alminiyam, da tsohon silin asbestos da bai kamata a mayar da irinsa ba saboda illarsa ga huhu, da wayar lantarki da aka sauya domin kada gobara ta tashi. A ganina duk waɗannan gyara ne, muddin aikin da sabon ke yi shi ne aikin da tsohon ke yi. Wanda ya tone daɓen siminti mai lafiya ya shimfiɗa tayil, ko ya rushe masai ya gina bayan gida na zamani da tanki da sokawe, shi kam ya ƙara wa gidan abin da bai da shi, kuma galibi zai ƙara kuɗin haya a kan haka, don haka adalci ne a lissafa masa shi a matsayin jari.

Wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Dokokin harajinmu daga na Birtaniya suka samo asali, kuma kotunanmu kan duba hukunce-hukuncen can domin neman haske, ko da yake ba su zama wajibi a kansu ba. Abin da alƙalan can suka daɗe suna tambaya shi ne: abin da aka sauya, wani sashe ne na kadarar, ko kuwa shi ne kadarar kanta? A 1932 wani kamfanin haƙar kwal mai suna Bullcroft ya gina sabon bututun hayaƙi da ya fi tsohon girma, kotu ta ce jari ne, domin ta ɗauki bututun a matsayin abu mai zaman kansa. A 1951 kuma kamfanin Samuel Jones ya sauya bututun hayaƙin masana'antarsa da wani kusan irinsa, kotu ta ce gyara ne, domin masana'antar ce kadarar, bututun kuwa wani sashe ne nata kawai. A 1980 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Burnley ta nemi a karɓi sabon rukunin kujerun 'yan kallo da ta gina a madadin tsohon da ya lalace a matsayin gyara, kotu ta ƙi, ta ce an sake gina abu sukutum ne. Idan aka auna rufin gidanmu da wannan ma'auni, gida shi ne kadarar, rufi kuwa sashe ne, saboda haka sake shi gyara ne ko da an sauke shi duka. Kan ingancin kayan kuma, hukumar harajin Birtaniya ta rubuta a cikin jagorarta cewa wanda ya cire taga mai gilashi ɗaya ya sa mai gilashi biyu gyara ya yi, domin ita ce tagar da aka saba sawa a yanzu. Dogon kwano a wurinmu matsayinsa ke nan.

Akwai wani ɓangaren da ya fi shafar masu sayen tsofaffin gidaje. A 1923 wata kotu a Birtaniya ta yanke hukunci kan kamfanin Law Shipping, wanda ya sayi jirgin ruwa da ya daɗe ba a gyara shi ba, ya yi tafiya ɗaya da shi, sannan ya kashe makudan kuɗi wajen gyara. Kotu ta ce yawancin kuɗin nan cikon kuɗin saye ne, domin lalacewar tun a hannun mai shi na farko ta taru. Amma a 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta amince wa kamfanin Odeon ya cire kuɗin gyaran gidajen siniman da ya saya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, domin lokacin da ya saye su ana iya amfani da su, kuma lalacewar ba ta rage musu farashi ba. Darasin ga mai sayen gida a Kano ko Sakkwato a bayyane yake. Wanda ya sayi kango da araha saboda babu mai iya kwana a cikinsa, kuɗin da ya kashe kafin ɗan haya na farko ya shiga jari ne. Wanda ya sayi gida da mutane a ciki, daga baya ya yi fenti ya toshe yoyo, gyara ya yi. Mu da muka gaji gida ba mu saya ba, ba mu kuma yi cinikin farashi da kowa ba, muna buƙatar a faɗa mana a rubuce ɓangaren da muka faɗa, domin gidajen gado sun yi yawa a cikin gidajen hayar garuruwanmu.

Ina tuna mutanen Maiduguri a nan. Bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024, mutane da yawa sun koma sun tarar da gidajensu a halaye daban-daban: wani bango ɗaya ya faɗi, wani ɗakuna biyu cikin shida, wani kuwa babu abin da ya rage sai harsashi. Bisa ma'aunin da na ambata, wanda ya tayar da bango ko ɗaki ya yi gyara, wanda ya sake gini daga tushe ya zuba jari, ko da bai ƙara komai a kan abin da yake da shi a da ba. Wato wanda ya fi kowa asara shi ne zai fi kowa jinkirin samun rangwame. Wannan sakamako ne da ya kamata masu tsara doka su dube shi da idon rahama, su yi tanadi na musamman ga wanda ambaliya ko gobara ko guguwa ta tilasta wa sake gini.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta zama ta gaggawa shi ne, zamanin da kuɗin haya ke ɓoye ya kusa wucewa. Tun da can kamfani ko ma'aikatar gwamnati da ta kama hayar gini takan cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin ta miƙa wa hukuma da sunan mai gidan, saboda haka masu irin waɗannan gine-gine an san da su. Yanzu sabuwar doka ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da yake biya a shekara, har zuwa naira 500,000, bisa sharaɗin ya bayyana ainihin abin da yake biya. Kowane malamin makaranta da kowane ma'aikacin asibiti da ya nemi wannan rangwame ya nuna wa hukuma gidan da yake ciki da abin da mai gidan ke karɓa. Ban ga laifin wannan ba, domin wanda ke samu ya kamata ya biya. Amma idan hukuma ta san abin da ya shigo, wajibi ne ta kuma yi adalci kan abin da ya fita, in ba haka ba haraji zai koma kan jimillar kuɗin haya maimakon riba.

Illar rashin fayyacewa ba ta tsaya kan mai gida ba. Mutumin da bai tabbata za a karɓi kuɗin rufinsa ba zai gwammace ya riƙa liƙe ramukan kwano da kwalta shekara bayan shekara, ɗan haya kuma ya ci gaba da tara bokitai a tsakar ɗaki, ko kuma ya yi aikin ya ɗora dukan nauyin a kan kuɗin haya na baɗi. Sannan duk inda ƙa'ida ta zama sai yadda jami'i ya ga dama, an buɗe ƙofar ciniki a bayan fage, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'in kirki ma rubutacciyar ƙa'ida kariya ce gare shi, tunda zai nuna wa mai ƙorafi shafi da layi, ba ra'ayinsa ba.

Harajin ɗaiɗaikun mutane hukumomin jihohi ne ke karɓar sa, na kamfanoni kuma hukumar tarayya ta NRS, wadda ta gaji FIRS. Ke nan ana iya wayar gari rufi ɗaya ya zama gyara a Katsina ya zama ƙari a Bauchi. Ɗaya daga cikin sababbin dokokin harajin guda huɗu ta kafa hukumar haɗin gwiwa ta masu tattara haraji domin daidaita irin wannan saɓani, kuma gare ta nake miƙa roƙona na farko: ta fitar da jagora guda ɗaya da dukan jihohi za su yi aiki da ita, mai ɗauke da misalai daga gidajen da muke zaune a cikinsu, wato soro da katangar ƙasa da kwano da masai da shagon da aka fitar daga zaure, a kuma fassara ta zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta ta a gidajen rediyo. Jagorar ta faɗi ƙarara cewa maye gurbin abin da ya lalace da makamancinsa na zamani gyara ne. Ta kuma bayyana yadda mutumin da ba shi da kamfani, gida ɗaya kawai yake da shi, zai nemi rangwamen jari, da irin takardar da za a nema a hannunsa.

Roƙo na biyu shi ne a sa wani adadi da duk aikin da bai kai shi ba za a karɓe shi a matsayin gyara ba tare da dogon bincike ba. A Amurka, inda ake raba kuɗin ginin gidan haya a kan shekara 27 da rabi, hukumar harajinsu ta yarda mai ƙaramin ƙarfi ya cire duk abin da bai wuce dala 2,500 ba nan take, domin ta gane cewa kuɗin da za a ɓata wajen gardama a kan ƙaramin abu ya fi harajin da za a samu. Ba na cewa a kwafo adadinsu, domin gidajensu da kuɗinsu daban ne. Ina cewa a ɗauki hikimar, a yanka adadin da ya dace da naira, a kuma riƙa sabunta shi yadda farashi ke tafiya, don kada tankin ruwa ɗaya ko ƙofar ƙarfe ɗaya su zama abin da za a riƙa bi ana lissafawa har shekara goma.

Akwai kuma wani sharaɗi a sabuwar dokar da nake tsoron zai kama mutane ba su sani ba: ba a cire kuɗin da aka kashe kan abin da ya kamata a ɗora masa VAT amma ba a ɗora ba. Manufarsa a fili take, wato a hana manyan 'yan kasuwa kauce wa VAT. Amma mai gidan da ya sayi siminti da ƙusa a kasuwa, ya biya birkila da leburori a hannu kowace yamma, ba shi da hanyar sanin wanda doka ta wajabta wa karɓar VAT da wanda ta yafe wa saboda ƙanƙantar sana'arsa. Ya kamata jagorar ta bayyana cewa ladan ƙaramin mai sana'ar hannu ba zai hana a karɓi kuɗin gyara ba, ta kuma faɗi shaidar da za ta wadatar, ko da takardar hannu ce mai kwanan wata da sa hannu, haɗe da shaidar tura kuɗi ta banki ko ta waya.

Mu ma masu gidaje akwai namu laifin, kuma na fara da kaina. Kuskuren da na yi shi ne karɓar takarda ɗaya a kan aiki iri uku. Da na sa an rubuta kuɗin rufi daban, na rijiya daban, na shaguna daban, da rabin wahalar ta kau, domin idan gyara da ƙari suka cakuɗe a jimilla guda, mai bincike yana da hujjar ɗaukar su duka a matsayin jari. Sai da na koma wurin mai aikin muka zauna da littafinsa muka warware kowane buhu da kowane bandir na kwano. Tun ran gini ran zane: a ɗauki hoton wurin kafin a taɓa shi da bayan an gama, a karɓi rasit a kan kowane kaya, a ajiye su aƙalla shekara shida kamar yadda doka ta nema. Rasit ɗin ƙari ma kada a yar da shi don an ga ba za a cire shi bana ba, domin ranar da aka sayar da gidan za a buƙace shi wajen lissafin ribar da za a yanka wa haraji, kuma wannan harajin, wanda a da kashi 10 cikin 100 ne ga kowa, yanzu yana bin matakan harajin kuɗin shigar mutum ne.

Haka nan al'adar nan tamu ta cewa ɗan haya ya yi gyara a cire masa a kuɗin haya, tana buƙatar rubutu. Idan kuɗin haya naira 600,000 ne, ɗan haya ya kashe 150,000 a kan famfo da wayar wuta ya kawo 450,000, daidai shi ne mai gida ya rubuta 600,000 a matsayin abin da ya samu, ya rubuta 150,000 a matsayin gyara, rasit kuma ya dawo hannunsa. In bai yi haka ba, ɗan haya zai bayyana adadi ɗaya domin neman nasa rangwamen, mai gida ya bayyana wani, kuma shi za a tuhuma da ɓoye kuɗi. Wanda kuma yake zaune a wani sashe na gidan ya ba da hayar sauran, kada ya cire dukan kuɗin rufi, sai gwargwadon ɓangaren da ke kawo kuɗi, domin gyaran ɗakin da mutum yake kwana a ciki hidimar kansa ce.

Doka ta ba wanda bai gamsu da harajin da aka yanka masa ba kwana 30 ya rubuta ƙorafi, daga nan akwai kotun sauraron ƙararrakin haraji, sabon tsarin kuma ya ƙara ofishin mai karɓar koke-koken masu biyan haraji. Waɗannan hanyoyi suna da amfani, amma mai ɗaki huɗu ba zai ɗauki lauya a kan naira dubu ɗari biyu ba, zai biya ne yana ƙunci, ko ya daina bayyana komai. A ƙarshen watan Maris ne ake rufe karɓar takardun bayyana kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane. Ni dai zan rubuta rufin gidanmu a matsayin gyara, in rubuta rijiya da shagunan a matsayin ƙari, in haɗa da hotuna da rasit da bayanin dalilina. Ina roƙon hukumar haɗin gwiwa da hukumomin jihohi su fitar da jagorar kafin wata daminar ta sauka, domin a lokacin ne dubban masu gidaje za su sake tsayawa gaban kafinta suna shawarar ko su liƙe kwano ko su sauke shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon akanta mai kula da gidan gado